Kwana 311 a Tashar Mir: Abin da Ya Tsayar da Sergei Krikalev a Sama

Ranar 18 ga Mayu 1991 kumbon Soyuz TM-12 ya tashi daga filin Baikonur da ke Kazakhstan ɗauke da mutum uku: kwamanda Anatoly Artsebarsky, injiniya Sergei Krikalev, da Helen Sharman, wadda ita ce mutum na farko daga Birtaniya da ya je sararin samaniya. Sharman baƙuwa ce ta mako guda, ta dawo ranar 26 ga watan tare da waɗanda aka je canza. Su kuwa Artsebarsky da Krikalev an tsara za su zauna a Mir, tashar sararin samaniya ta Sobiyet, kimanin wata biyar, su sauko a watan Oktoba. Artsebarsky ya sauko a kan lokaci. Krikalev bai sake taka ƙasa ba sai ranar 25 ga Maris 1992, bayan kwana 311, kuma kafin nan Tarayyar Sobiyet da ta tura shi ta wargaje.

Labarin ya yaɗu da cewa an manta da shi ne, ko kuma ya maƙale a sama babu hanyar dawowa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana rage wa mutumin daraja. Babu ranar da Krikalev ya kwana a Mir ba tare da kumbon Soyuz yana jone da tashar ba, a shirye don saukowa idan ta ɓaci. Tambayarsa aka yi ko zai tsawaita zamansa, ya amsa. Abin da ya cancanci a bincika shi ne me ya kai hukuma ga yin wannan tambaya, kuma me mutumin ya riga ya sani da ya sa ya ce to.

Wane ne shi kafin wannan tafiya

An haifi Krikalev a Leningrad ranar 27 ga Agusta 1958. Ba soja ba ne kamar yawancin 'yan sama jannatin farko na Sobiyet, injiniya ne. Ya gama Kwalejin Kanikanci ta Leningrad a 1981 ya kama aiki a Energia, kamfanin gwamnati da ke ƙera kumbuna da tashoshin da mutane ke zama a cikinsu. A gefe guda kuma gwanin wasan jujjuya jirgin sama ne.

Abu biyu daga rayuwarsa ta baya su ne mabuɗin wannan lamari. Na farko ya faru a 1985. A watan Fabrairun shekarar tashar Salyut 7, wadda ta gabaci Mir, ta yi tsit, ba ta amsa umarni daga ƙasa, a lokacin da babu kowa a cikinta. Wuta ta ɗauke, komai ya daskare. Sai a watan Yuni Vladimir Dzhanibekov da Viktor Savinykh suka je suka jona kumbonsu da ita da hannu, suka shiga cikin sanyin da ruwan tashar ma ya zama ƙanƙara, suka farfaɗo da ita da kyar. Krikalev yana cikin injiniyoyin da suka zauna a ƙasa suna tsara yadda za a tunkari tashar da ta mutu da yadda za a gyara ta. A shekarar ce aka zaɓe shi cikin 'yan sama jannati.

Na biyu shi ne tafiyarsa ta farko, wadda ta fara ranar 26 ga Nuwamba 1988 tare da Alexander Volkov da Bafaranshe Jean-Loup Chrétien. A Mir suka tarar da Vladimir Titov da Musa Manarov suna dab da cika shekara guda a sama, tare da likita Valeri Polyakov. Ke nan ya ga masu doguwar zama da idonsa, ya ga irin atisayen da suke sha kullum. Da ya tashi saukowa a watan Afrilu 1989, shi da Volkov da Polyakov ne suka rufe tashar suka bar ta babu kowa, ta zauna haka har watan Satumba. Ya san wahalar barin tasha, ya kuma san wahalar tayar da wadda ta mutu.

Aikin bazara

Watannin farko na tafiyar 1991 aiki ne tsantsa. Tsakanin 24 ga Yuni da 27 ga Yuli, Artsebarsky da Krikalev sun fita wajen tashar har sau shida. Fita ta farko don sauya eriyar na'urar Kurs ce, wadda ke jagorantar kumbuna su jonu da tashar da kansu. Eriyar ta lalace, har wani kumbon kaya na Progress ya kusa yin karo da Mir a watan Maris. A fita ta biyu suka kafa wata na'urar auna burbushin da ke zuwa daga can cikin samaniya, ta masu bincike na Jami'ar Kalifoniya. Sauran huɗun duk na Sofora ne, wani dogon turken ƙarfe mai tsawon kimanin mita 14 da suka harhaɗa gaɓa-gaɓa a bayan ɓangaren Kvant-1. Mahaɗansa an yi su da gaurayen titaniyam da nikel, ƙarfen da idan aka ɗumama shi yakan koma siffarsa ta asali ya damƙe abin da ke cikinsa, don haka babu buƙatar ɗaure noti da hannu.

Wanda ya ga hoton ɗan sama jannati yana shawagi zai ɗauka hutu ne. Rigar Orlan da suke sawa ƙaramin kumbo ce: ta ƙofar baya ake shigarta, a rufe mutum a ciki da iskar oksijin zalla. Tunda babu iska a waje, rigar kumbura take yi ta yi tauri, kowane lanƙwasa yatsa sai an yi kokawa da safar hannu. Bayan awa biyar ko shida yatsu sun yi laushi, farce na ciwo. Tashar tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, saboda haka mai aiki a waje yana shiga rana mai ƙuna ya fita zuwa duhu mai tsananin sanyi sau da yawa kafin ya gama. Zafin jikinsa kuwa ba shi da inda zai je sai ta ruwan da ke zagayawa cikin bututun rigar ciki, wanda wata na'ura ke sanyaya shi ta hanyar sakin ruwa kaɗan-kaɗan zuwa waje.

Wannan na'urar ce ta ba da matsala ranar 27 ga Yuli. Sun gama Sofora, Artsebarsky ya hau can ƙolinsa ya ɗaura tutar Sobiyet. Aikin ya yi tsawo, ruwan sanyaya rigarsa ya ƙare, zufa da numfashi suka lulluɓe gilashin hularsa ta ciki har ya daina gani. Mutum ba ya iya sa hannu ya goge gilashin daga ciki. Yana can saman turke, ƙarƙashinsa tazarar kusan kilomita 400 zuwa ƙasa, igiyar tsaro da ƙugiyarta ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma kowane matsawa sai ya kwance ƙugiya ya sake maƙala ta a gaba, ga shi ba ya ganin inda zai maƙala. Krikalev ne ya je ya jagorance shi, yana faɗa masa inda zai sa hannu, har suka isa ƙofa. Fitar ta ɗauki kusan awa bakwai. Na daɗe a kan wannan ne domin a nan ake ganin abin da injiniyan tasha yake nufi: ba mai rakiya ba ne, shi ne wanda ya san kowane marikin ƙarfe a jikin tashar.

Kujeru uku

A cikin wannan wata na Yuli ne maganar tsawaita zamansa ta zo daga ƙasa, tun kafin yunƙurin juyin mulki na watan Agusta, tun kafin kowa ya tabbatar ƙasar za ta rushe. Masu cewa rushewar Sobiyet ce ta tsare shi sukan tsallake wannan.

Soyuz kujeru uku gare shi. Bisa al'ada ɗaya ta kwamanda ce, ɗaya ta injiniya, ta uku kuma ta baƙo. An tsara tafiya biyu a ƙarshen 1991, amma asusu ya yi ƙasa, aka haɗe su suka zama ɗaya. Ga kuma baƙi biyu da ba a iya cewa ɗayansu ya haƙura. Ostiriya ta biya miliyoyin daloli don Franz Viehböck ya je, kuma kuɗin waje a lokacin shi ne numfashin shirin gaba ɗaya. Ɗayan kuwa Toktar Aubakirov ne, fitaccen matuƙin gwajin jiragen yaƙi ɗan Kazakhstan. Shekara talatin ana harba mutane daga ƙasar Kazakh ba a taɓa ɗaukar ɗan ƙabilar ko ɗaya ba. Yanzu jamhuriyoyi suna ta ɗaga murya, shugaban Kazakhstan Nursultan Nazarbayev yana da ƙarfi a Alma-Ata, babban birninta na lokacin, kuma Baikonur, ƙofa ɗaya tilo da Mosko ke da ita ta tura mutum sama, tana cikin ƙasarsa. Ba a buƙatar dogon lissafi.

Da aka ba kwamanda kujera, aka ba baƙi biyu, sai ta injiniya ta tafi. Alexander Kaleri, wanda ya kamata ya canji Krikalev, aka bar shi a ƙasa. Aubakirov bai samu horon doguwar zama ba, balle sanin injinan tashar. Kwana takwas zai yi ya dawo. Idan Krikalev ya sauko a Oktoba, sabon kwamanda zai zauna shi kaɗai a tasha mai ɓangarori huɗu, abin da ba a yarda da shi ba, ko kuma a rufe ta. Mir ta 1991 ba ita ce ta 1989 ba: an ƙara mata Kvant-2 da Kristall, injina sun yawaita, tsufa ya fara kama wasu. Kuma a ƙasar da ba a san wanda zai biya kuɗin roka ta gaba ba, tashar da aka rufe babu tabbacin a sake buɗe ta.

Halin da ya shiga kamar na mai gadi ne da wa'adinsa ya cika, na canji bai zo ba, ya kuma san idan ya tafi gidan zai zama kango. Ya amince ya zauna har Maris.

A ganina ba daidai ba ne a kira wannan zaɓi na sakin fuska. Mutum mai shekara 32 da ke son ya sake tashi ba zai ga sauƙin ce wa shugabanninsa a'a ba, kuma ya bar mata da jaririya a gida. Amma kuma ba tilas tsagwaronta ba ce. Hukuma ta sayar da kujera ɗaya, ta ba da ɗaya don siyasa, sannan ta cike giɓin da jikin ma'aikacinta. Shi kuma ya karɓa da sanin farashin.

Farashin a jiki yake. Inda babu nauyi ƙashi yana zubar da sinadarinsa, a ƙugu da ƙafafu yakan kai kashi 1 cikin 100 ko fiye a kowane wata. Tsoka na saki, jini na taruwa a sama da jiki, zuciya na saba wa aiki mai sauƙi, ga haskoki masu ratsa jiki da ke taruwa kullum suna ƙara haɗarin sankara. Maganin da ake da shi shi ne motsa jiki na kusan awa biyu kowace rana, a ɗaure da robobi a kan injin gudu. Kwana 311 ba shi ne mafi tsawo ba ko a lokacin, tunda Titov da Manarov sun yi shekara. Bambancin shi ne su sun tashi da sanin shekara za su yi. Shi wata biyar ya shirya wa ransa, aka ninka masa a tsakiyar hanya.

Ƙasa tana rushewa

Ranar 18 ga Agusta masu ra'ayin riƙau suka tsare shugaban Sobiyet Mikhail Gorbachev a Kirimiya, washegari suka fito da tankoki titunan Mosko. Cikin kwana uku yunƙurin ya ruguje. A tsakiyar wannan ruɗani aka harba kumbon kaya Progress M-9 daga Baikonur, ya isa Mir lafiya. Wannan ƙaramin abu ne da ba a cika ambata ba, amma yana nuna cewa ma'aikatan filin harbi da na cibiyar kula da tafiye-tafiye da ke wajen Mosko ba su bar kujerunsu ba. Su ma suna cikin wannan labari, kuma su ne amsar masu cewa an manta da shi.

Labarin ƙasa yana zuwa wa mutanen Mir ta cibiyar, yana kuma zuwa ta rediyon masu sha'awa. Krikalev yana da alamar kira U5MIR, kuma yakan yi hira da masu irin wannan rediyo a ƙasashe daban-daban idan tashar ta bi ta samansu, su karanta masa abin da jaridun waje ke cewa. A watan Satumba garinsu ya koma tsohon sunansa na St. Petersburg.

Soyuz TM-13 ya tashi ranar 2 ga Oktoba. Kwamandansa Volkov ne, abokin tafiyarsa ta farko, wanda hakan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutumin da zai ƙara wata biyar da rabi a ɗaki ɗaya da wani. Ranar 10 ga watan Artsebarsky da baƙin biyu suka shiga TM-12 suka sauko. Kowane ɗan sama jannati yana da shimfiɗar kujera da aka zuba daidai da bayansa don ta tare masa bugun sauka. Ta Krikalev sai aka cire ta daga kumbon da ya kawo shi aka mayar cikin sabon. Dole ne a riƙa musanya kumbunan, domin Soyuz ba ya wuce kimanin wata shida a sama ba tare da man sa da wasu kayansa sun fara lalacewa ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ranar 8 ga Disamba shugabannin Rasha da Yukren da Belarus suka sa hannu cewa Tarayyar ta ƙare. Kazakhstan ta ayyana 'yancinta ranar 16. Gorbachev ya yi murabus ranar 25, aka sauke jar tuta daga Kremlin. Ranar 2 ga Janairu 1992 aka saki farashin kaya a Rasha, albashin injiniyoyi ya zama ba ya kai ko'ina. Jiragen ruwan da ke tsayawa a tekuna suna isar da sadarwa tsakanin tashar da cibiya aka janye su saboda tsada. A sama kuwa mutum biyu ne, ɗaya haifaffen Leningrad, ɗaya haifaffen yankin Donetsk na Yukren, filin da za su sauka kuma ya zama na wata ƙasa ta uku.

Ranar 20 ga Fabrairu suka fita waje, fita ta bakwai ga Krikalev a wannan tafiya, bayan wata tara a sama. Ba a jima ba na'urar sanyaya rigar Volkov ta ƙi aiki. Dole ya tsaya kusa da ƙofa, a jone da tashar ta bututu. Ƙa'ida ita ce mutum biyu su yi aiki kusa da juna, kuma Krikalev ya fi kowa sanin dalili tunda ya ga abin da ya sami Artsebarsky. Volkov ne ya kamata ya sarrafa Strela, doguwar sandar da ke ɗaukar mutum daga wannan ɓangare zuwa wancan. Da babu wannan, sai Krikalev ya bi jikin tashar da hannu, mariki bayan mariki, har zuwa Kvant-1, ya kwance kayan aikin da suka bari a gindin Sofora, ya tattaro samfuran da aka shanya a waje, ya dawo. Sama da awa huɗu. Da gilashinsa ya yi irin na Artsebarsky a can nesa, babu mai zuwa ya jawo shi. Ina ganin a nan cibiya ta yi ganganci da ta bar aikin ya ci gaba, ko da yake an gama lafiya.

Saukowa da abin da ya biyo baya

Soyuz TM-14 ya tashi ranar 17 ga Maris 1992, tafiya ta farko da sunan Rasha. A cikinsa akwai Alexander Viktorenko, da Kaleri wanda a ƙarshe ya samu kujerarsa, da Bajamushe Klaus-Dietrich Flade, wanda ƙasarsa ta biya kuɗi. Irin cinikin da ya tsayar da Krikalev shi ne ya taimaka wajen biyan tafiyar da ta kawo mai canjinsa. Ranar 25 ga Maris shi da Volkov da Flade suka sauka kusa da garin Arkalyk na Kazakhstan. Sai da aka ciro shi daga kumbon aka tallafe shi, kamar yadda ake wa duk wanda ya daɗe a sama, rigarsa tana ɗauke da tambarin ƙasar da babu ita. A watan Afrilu aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Rasha, kuma tauraron da aka maƙala masa shi ne mai lamba 1. Ya riga ya samu ta Gwarzon Sobiyet tun 1989.

Me zaman nasa ya saya? Mir ba ta sake zama babu kowa ba tun daga Satumba 1989 har Agusta 1999, kusan shekara goma a jere. A watan Satumba 1992 Anatoly Solovyev da Sergei Avdeyev suka ɗora injin daidaita tashar a ƙolin Sofora, turken ya fara aikin da aka gina shi dominsa. Tashar da ke raye da mutane a ciki ita ce hajar da Rasha ta kai teburin ciniki da Amurka a 1993, inda aka amince jiragen Amurka su riƙa zuwa Mir, sannan a gina tasha ta ƙasa da ƙasa tare. Ba zan ce mutum ɗaya ne ya jawo duk wannan ba. Ɗaruruwan ma'aikata ne suka riƙe shirin da albashin da ba ya isa. Amma da an rufe Mir a Oktoba 1991, da wuya a ce cinikin zai kasance iri ɗaya. Matsalar Baikonur kuwa an warware ta a 1994 da yarjejeniyar haya, Rasha tana biyan Kazakhstan dala miliyan 115 a shekara.

Jikinsa ya murmure, ya koma horo. A Fabrairu 1994 ya zama Barashe na farko da ya tashi a jirgin sama jannatin Amurka, wato Discovery. A Disamba 1998 yana cikin ayarin Endeavour da ya haɗa ɓangarori biyu na farko na Tashar Ƙasa da Ƙasa, shi da kwamanda Robert Cabana suka shiga cikinta tare. Ranar 2 ga Nuwamba 2000 shi da Bill Shepherd da Yuri Gidzenko suka isa a matsayin mazaunanta na farko. Tafiyarsa ta shida kuma ta ƙarshe a 2005 ce, a matsayin kwamandan tashar, inda ya yi fitarsa waje ta takwas tare da John Phillips. Jimillar kwanakinsa a sama ta kai 803, babu wanda ya kai shi sai a 2015 da Gennady Padalka ya wuce shi. Daga 2009 zuwa 2014 shi ne shugaban Cibiyar Horar da 'Yan Sama Jannati ta Gagarin.

Sayar da kujera ta uku bai tsaya ba bayan 1992, sai ma ya faɗaɗa daga gwamnatoci zuwa attajirai masu biya daga aljihunsu. A Oktoba 2005, da Krikalev ya sauko karo na ƙarshe cikin Soyuz TMA-6, a gefensa akwai Phillips da Gregory Olsen, ɗan kasuwar Amurka da ya sayi tafiyarsa. Amma a wannan karon kumbon da ya kawo Olsen ya zo da cikakkun masu canji biyu, Valeri Tokarev da William McArthur, kuma Krikalev ya miƙa tashar a lokacin da aka tsara.